Yumɓun Mai Randa

Mai Randa ake ce mata, ko da yake ba randa kaɗai take ginawa ba. Tana yin tulu da tukunyar girki da kasko da asusu, a 'yan shekarun nan kuma har da tukwanen furanni, tun da masu hali suka fara son jera su a ƙofar gida. Amma randa ce ta fito da ita. Mutane kan ce ruwan firji haƙori yake kamawa, na randarta kuwa har cikin ƙirji ake jin sanyinsa. In an faɗi haka a gabanta sai ta ce, “Ba ni ba ce, yumɓu ne.” Ba kuma ƙanƙan da kai take yi ba, iyakar abin da ta yarda da shi ke nan.

Tana da shekara tara goggonta ta fara zaunar da ita a gaban yumɓu. Goggon ba mai yawan magana ba ce. In tukunya ta yi kyau sai ta ɗauke ta ta kai inuwa, in ba ta yi ba sai ta sa ƙafa ta take ta, ta ce a sake. Ita ce ta nuna mata ramin da ke bayan gari, kusa da rafi, inda baƙin yumɓu mai maiƙo yake kwance a ƙarƙashin jar ƙasa. In ka murza shi tsakanin yatsu ba ka jin tsakuwa ko ɗaya. Daga ramin nan Mai Randa ta yi ta ɗiba har ta yi aure, har ta haifi 'ya'ya huɗu. Mijinta direban babbar mota ne a lokacin, yakan yi wata biyu ba a ga ƙeyarsa ba, kuma duk tsawon tafiyarsa randa ce ke riƙe da gidan. Da idonsa ya yi rauni ya ajiye tuƙi, sai ya dawo ya zama mai gadin tukwane, yana zaune a inuwar rumfa da rediyonsa yana korar kaji da awaki. Shi Injiniya yake kiranta.

'Ya'yan duk sun watse, in ban da babbar, wadda take aikin jinya a asibitin gari, takan leƙo ranar da ba ta da aiki. Sai kuma Auta, ƙanwar Mai Randa, wadda ta dawo gidan da zama bayan rasuwar mijinta. Auta ba ta iya gini ba, ta gwada har ta haƙura, amma tana da ƙarfi kamar namiji. Ita ke haƙa, ita ke cuɗa yumɓu da ƙafa, ita ke goge randa da ɗan dutse mai santsi har ta yi sheƙi.

Mai Randa mace ce mai saurin damuwa, wannan kowa ya sani. In ta shanya tukwane, ko ɗan gajimare ya gifta sai ta miƙe tsaye ta zuba wa sama ido. In an yi iska ta ce za su tsage, in ba a yi ba ta ce ba za su bushe ba. Mijinta yakan ce da damuwa sana'a ce da tuni sun hau bene. Amma cikin duk abubuwan da take tsoro, bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa ramin kansa zai iya fita daga hannunta. Tana da shekara hamsin da takwas abin ya faru.

Wata ranar Talata da safe suka isa bakin ramin ita da Auta, da diga da shebur da buhuna, sai suka tarar an kafa fegi masu jan fenti a jere, tun daga bakin hanya har rafi. Maza uku suna tsaye, ɗaya yana leƙa wata na'ura mai ƙafa uku.

“Sannunku da aiki,” ta ce. “Ɗana, me ake aunawa?”

“Fili, Mama,” in ji mai na'urar, ko ɗagowa bai yi ba. “An sayar. Rumbunan ajiye kaya za a gina.”

“Har da ramin?”

“Ramin ai cike shi za a yi.”

“Yaushe?”

“Mu dai awo ne namu. Amma na ji an ce nan da sati uku za a zagaye wurin da waya.”

Ta tsaya riƙe da buhu kamar an dasa ta. Ta so ta ce masa shekara arba'in da tara tana ɗibar ƙasa a nan, ta so ta tambayi wanda ya sayar da wanda ya saya, sai ta ga babu amfani. Ba ta da takarda, goggonta ma ba ta taɓa samun takarda ba. Wuri ne da aka tashi aka gani, kowa na shiga.

Da suka koma gida mijin ya dube ta sau ɗaya ya rage ƙarar rediyo.

“Injiniya, yau kuma wace randa ce ta yi mura?”

Da ta gaya masa sai dariyar ta ɗauke. Can ya ce, “To, ai ƙasa ba ta ƙare a duniya ba. Na zaga ƙasar nan, ko'ina ƙasa ce.”

“Ƙasa daban, yumɓu daban, Malam,” ta ce. “Kai duk man da aka zuba maka a mota sha take yi?”

Ranar ba ta iya cin abinci ba. Kafin la'asar ta yanke shawara: cikin sati ukun nan za su kwashi duk abin da za su iya kwasa.

Suka ɗauki wani mai kura, dattijo mai haƙuri, ya riƙa yi musu sawu huɗu a rana. Da gari ya waye suna rami, ba sa dawowa sai rana ta take. Ɗakin ajiya ya cika, aka koma bayan kicin, aka koma ƙarƙashin rumfa, aka lulluɓe tarin da leda aka danne da duwatsu. Mijin ya ce saura kaɗan a ce ya matsa daga gado a zuba buhu biyu. Duk da haka in Mai Randa ta dubi tarin ba ta ganin yawansa, ƙarewarsa take hange. Takan tsaya tana lissafi da yatsu: wannan na wata ɗaya, wancan na wata ɗaya da rabi. Bayan nan fa?

A sati na biyu aka kafa wata 'yar bukkar kwano a bakin hanya aka sa mai gadi. Bai hana su shiga ba, ya dai ce su yi sauri, an riga an kawo wayar. Yumɓun da ke fili kuwa ya ƙare. Mai kyaun ya shige ƙarƙashin gaɓa, sai an bi shi ciki kamar mai haƙa kogo. Goggo tana da doka a kan wannan, ta sha faɗa: kada a shiga ƙarƙashin gaɓa fiye da tsawon hannu. Mai Randa ba ta manta ba. Kullum in ta ga Auta ta durƙusa ta shige har kafaɗa, sai dokar ta faɗo mata a rai. Amma kullum yumɓun da ke fitowa daga ciki ya fi na jiya kyau, baƙi wuluk, yana sheƙi kamar an shafa masa mai.

Rana ta goma sha bakwai, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, Auta ta ja da baya ta kakkaɓe ɗankwalinta.

“Yaya, ƙasar nan fa tana zubo mini a kai.”

Mai Randa ta ɗaga kai ta dubi gaɓar. Ta ga 'yar tsaga, siririya kamar zare. Ta dubi buhunan, biyu ne suka rage babu komai a ciki.

“Cika waɗannan biyun mu tafi,” ta ce. “Daga yau mun bar wannan gefen.”

Ta hau sama don ta kama wa mai kura ɗora kaya. Buhu na uku suke ɗagawa ta ji wata ƙara a bayanta, ba mai ƙarfi ba, kamar an yar da katifa daga kan soro. Da ta juya, babu kogon. Jar ƙasa ce kawai tana ta gangarowa.

Ba ta san yadda ta sauka ba. Ta tarar da Auta a kife, ƙasa ta binne ta tun daga ƙugu har ƙafafu, hannunta ɗaya yana motsi. Mai Randa ta kurma ihu, ta zube ta fara tono da hannu, don tana tsoron kada shebur ya sare ta. Mai kura ya diro, mai gadi ya rugo da gudu yana salati. Su uku suna tono, ƙasa tana ƙara zubowa daga sama, mai gadi yana cewa su yi hankali saura na nan tafe. Wani ƙaton dunƙule ya danne ƙafar hagu, sai da mazan biyu suka haɗa ƙarfi suka mirgina shi.

“Yaya,” in ji Auta, muryarta can ƙasa. “Ƙafata. Ba na jin ƙafata.”

“Tana nan, Auta, tana nan. Ga ta ina gani. Yi shiru.”

Tana gani kuwa, ƙafar ta lanƙwashe a inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Suka zubar da buhunan daga kurar suka kwantar da Auta a ciki, suka tura har bakin titi. Mota uku suka wuce su kafin wani mai a-kori-kura ya tsaya.

A asibiti aka shige da Auta aka bar Mai Randa a kan benci a baranda. Jikinta duk laka, ɗankwalinta ya faɗi a hanya, farce biyu sun ɓalle suna jini, ita ba ta ma ji ba. Masu wucewa suna kallonta suna matsawa. Duk ƙofar da aka buɗe sai ta zabura ta miƙe. Abu ɗaya ke yi mata yawo a kai: cika waɗannan biyun. Da bakinta ta faɗa. Ta ga tsagar da idonta, kuma ta faɗa.

Bayan awa biyu 'yarta ta fito cikin fararen kaya, fuska a ɗaure.

“Karaya biyu ce a ƙwauri. An ɗauki hoto. Gobe za a yi mata aiki a sa ƙarfe. Bayanta lafiya, Allah ya rufa asiri.” Ta ja numfashi. “Inna, sau nawa na ce ku bar shiga ramin nan? Sau nawa? Saboda ƙasa? Yau da gawa aka kawo mini fa?”

'Yar ta juya za ta tafi, sai idonta ya kai kan hannun uwar. Ta tsaya. Ta koma ciki ta dawo da kwano da auduga da magani, ta durƙusa a gabanta a barandar nan, ta wanke yatsun ɗaya bayan ɗaya ta naɗe.

Auta ta yi sati biyar a asibiti. Kafin ta fito an zagaye filin da waya mai ƙaya, tifofi sun fara juye ƙasa a ramin. Mai Randa ba ta je ta gani ba, mai kura ne ya kawo labari. A duk kwanakin nan ba ta taɓa yumɓu ba. Da safe ta kai abinci asibiti, da yamma ta dawo ta zauna ta yi tagumi. In za ta wuce tarin da ke ƙarƙashin rumfa sai ta kau da kai. Masu saye suna zuwa suna komawa, mijin yana ba su haƙuri yana cewa kamfani ya tafi hutu.

Ranar da Auta ta cika kwana uku da dawowa, tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafar a kan matashi, ta dubi yayarta da ke ta kai da komo, ta kawo ruwa, ta gyara matashi, ta tambayi ko da zafi.

“Yaya, zo ki zauna. Kina sa ni jiri.”

Ta zauna.

“Wancan tarin na ado ne?”

“Auta, ni ce na ce ki koma ciki.”

“Na sani, ai ina wurin. Ni ma da idona, na ga tsagar. Da ba ki ce ba ma da na koma, buhu biyu ne fa.” Ta nuna tarin da sandarta. “Ƙafa guda na biya kuɗin ƙasar can. In kika bar ta ta bushe a banza, wannan ne ba zan yafe ba. Ki tashi ki yi gini, ko na samu abin gogewa. Zaman nan ya ishe ni, ga mijinki da rediyonsa, labari ɗaya sau biyar a rana.”

“Ina jinki fa,” in ji mijin daga rumfa.

Washegari Mai Randa ta yaye ledar ta ɗebi kwano uku ta jiƙa. Cuɗawa da ƙafa yanzu ta dawo kanta, ga gwiwa ba ta da lafiya, amma ta yi. Hannunta bai manta komai ba. Sai dai duk kwanon da ta ɗiba sai ta tsaya ta dubi gurbin da ya bari. Ta ja layi da gawayi a bangon ɗakin ajiya daidai tsawon tarin, kowane sati layin yana yin nisa da ƙasar. A lissafinta wata biyar ne, in ta yi tsimi shida.

Nan mijin ya samu aikin yi. Ya ce babu rafi ko fadama a faɗin yankin nan da bai taɓa tsayawa ya zuba wa mota ruwa ba. Tun da ba ya iya tuƙi, sai su shiga motar haya, ya zauna gaba yana koya wa direba aikinsa har a gaji da shi. Wuri uku suka je cikin wata biyu. Ko'ina Mai Randa takan durƙusa ta murza ƙasar, ta ɗan taɓa a harshe, ta mulmula ta kamar igiya ta naɗe a yatsa ta ga ko za ta karye. Ta farko yashi ya yi mata yawa, ko tsayuwa ba ta yi. Ta biyu ta ginu lafiya, amma kwana biyu da shanyawa duk ƙananan tukwanen gwaji suka tsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Ta ukun ce ta fi sa mata rai, ta ginu, ta bushe, har Mai Randa ta fara dariya a gida. Aka sa a wuta, tukwane shida, babu wadda ta fito da rai.

Cikin wannan hali mai sayar da furanni, wanda ya fi kowa saye a wurinta, ya zo yana son tukunya sittin kafin damina. Ta ce ba za ta yi alkawari ba. Ya ce in ba za ta iya ba ta faɗa masa, akwai masu yin na siminti. 'Yarta kuma ta zo da tata shawarar, cewa za ta kama mata ɗan shago a bakin titi ta riƙa sayar da bokitai da robobi.

“Robobi,” in ji Mai Randa. “Ni?”

“Inna, ai ba zagi ba ne.”

“Ban ce zagi ba ne.” Amma kwana biyu ba ta amsa gaisuwarta da sakin fuska ba.

Tarin ya koma kwatankwacin na wata guda sa'ad da wani mutum ya yi sallama yana son ƙaramar randa ya kai wa matarsa. Gajere ne kakkaura, da igiya a kafaɗa. Yana tsugune yana ƙwanƙwasa randunan, Mai Randa ta lura da wandonsa. Daga gwiwa zuwa ƙasa wani abu ne toka-toka ya bushe ya manne. Ta matso ta sa farce ta ɓanɓaro kaɗan. Mutumin ya zabura.

“Yi haƙuri, Mama, daga wurin aiki nake, ban samu na wanke ba.”

“Ina ka samo wannan?”

“Wannan masifar? Rijiya nake haƙa wa wani a gonarsa. In na kai gaba shida sai na tarar da ita, ta kama diga ta kama ƙafa, kwana uku take ci mini. Can muke tarawa a gefe, mai gonar ma faɗa yake a kwashe.”

Ta tofa yawu a tafin hannu ta murza ɓarɓashin. Santsi, babu tsakuwa. Ta danne murnarta, domin sau uku ke nan tana murna tana komawa ciki.

“Ɗauki randar,” ta ce. “Gobe ka kai ni.”

Buhu ashirin da biyu mai kura ya kwaso daga gonar. Sabon yumɓun ya fi na da danƙo nesa ba kusa ba, kuma gwajin farko ya tsage wajen bushewa. Wannan karon ba ta zubar ba. Ta tattaro fasassun tukwanen da ke jibge a bayan gida, Auta ta zauna a kujera 'yar tsugune tana dakawa a turmi har suka zama gari, aka tankaɗe. Mai Randa ta riƙa haɗawa da awo: kwano shida na yumɓu da ɗaya na garin, sannan biyar da ɗaya, sannan huɗu, sannan uku. Auta tana yi wa gindin kowace tukunyar gwaji zane da tsinke don kada a rikice. Aka gasa. Masu huɗu da ɗaya ne suka fito lafiya, duka ukun.

Amma ƙaramar tukunya ba randa ba ce. Randa tana da kauri, tana da nauyi, in za ta ci amanarka sai ta bari ka gama wahala. Mai Randa ta gina goma sha biyu, da tukwanen furanni talatin. Sati biyu suna bushewa a inuwa, sati biyun nan kuwa hadari yana haɗuwa kusan kullum da yamma ya watse. Takan zaga su sau goma a yini tana shafa jikinsu, tana neman tsaga da ɗan yatsa. Ta rame har zanenta yana kwancewa.

Ranar gashi aka kwashe su a kura zuwa matoya, wani fili a bayan unguwa inda ta saba gasawa. Ta shimfiɗa itace, ta kife randunan a tsakiya, ƙananan a kewaye, ta rufe da kara da busasshiyar ciyawa. Auta ta nace sai ta zo, aka kawo ta da sandarta aka ajiye mata kujera nesa da hayaƙi. Da la'asar Mai Randa ta yi bisimilla ta cinna wuta ta gefen da iska ke fitowa.

Wutar ta kama, ta tashi sama da tsayin mutum. Ba a daɗe ba aka ji fau! daga ciki. Mai Randa ta dafe ƙirji.

“Ɗaya,” ta ce.

“Ƙarama ce,” in ji mijin. “Na san ƙarar babba, wannan tayar keke ce.”

Aka sake jin wata, sannan biyu a jere, ɗaya mai nauyi wadda ko shi bai yi mata wasa ba. Mai Randa tana zagaya wutar da doguwar sanda tana tura ciyawa inda ta ga rami, zufa tana zuba, leɓɓanta suna motsi. Bakwai ta ƙirga kafin wutar ta lafa. Ba a buɗewa sai toka ta huce, don haka suka koma gida suka bar ta.

Gari na wayewa tana matoya. Ta sa sanda ta ture tokar a hankali. Abin da ta fara gani shi ne launi: ba ja mai duhu irin wanda aka san ta da shi ba, wani fari-fari ne mai ɗan ja kamar ɓawon ƙwai. Ta jawo ta farko ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ta yi ƙara, tas, mai tsawo. Ta biyu ma haka. Ta uku gindinta ya fita. Da ta gama, randa tara ne suka tsira cikin goma sha biyu, tukwanen furanni ashirin da shida. Ta zauna a ƙasa cikin toka.

Saura ruwa. Ta wanke ɗaya ta cika ta, ta zubar washegari don warin ƙasa ya fita, ta sake cikawa. Rana ta uku da tsakar rana ta ɗebo a moɗa ta miƙa wa Auta, ta tsaya tana kallon maƙogwaronta.

“Da sanyi, Yaya.”

“Gaya mini gaskiya.”

“Na ce da sanyi. In ƙarya nake ɗayar ƙafar ma ta karye.”

Mai Randa ta karɓa ta kurɓa, ta riƙe ruwan a baki kafin ta haɗiye.

“Bai kai na da ba,” ta ce.

“Ke ma ai ba ki kai ta da ba,” in ji mijin, ya miƙo hannu a ba shi.

Masu saye sun yi ta magana a kan launin. Wata tsohuwa ta ce wannan randa kamar ba ta da jini, ta tafi ba ta saya ba, bayan sati ta dawo ta ɗauki biyu. Mai furanni kuwa launin ne ya burge shi, ya ce koren ganye ya fi fitowa a kansa, ya kwashe ashirin da shidan ya ce a ƙaro.

Shekara biyu ke nan yanzu. Auta tana tafiya da ɗingishi, in an yi sanyi ƙarfen yana damunta, kuma ta gano tana da hannun zane: ita ke yi wa wuyan randa ado da tsinke, har akwai masu zuwa su ce mai zanen Auta suke so. Mai Randa ta sayi 'yar waya ta rataye a wuya saboda mutum ɗaya, mai haƙar rijiya. In ya ci karo da ƙasar nan mai toka-toka sai ya kira, ita kuma ta aika mai kura. Wani lokaci rijiya biyu a wata, wani lokaci wata uku shiru, ta yi ta duba wayar tana tambayar Auta ko dai ta lalace ne.

A watan jiya mai haƙar rijiyar ya zo gaishe ta, ya zauna yana dafe da ƙugu. Ya ce baya ya fara ba shi matsala, ga shi mutane yanzu sun fi son a kawo musu injin burtsatse, kwana biyu an gama. Bai san ko zai ƙara shekara a aikin ba. Tun ranar Mai Randa ta koma lissafi da yatsu. Ta tambaye shi ko injin ma yana fito da ƙasa, ya ce yana fitarwa, amma a narke, kamar kunu, gauraye da duk abin da ya ratsa.

Ranar Asabar da ta wuce aka kawo irin injin nan wani gida a ƙarshen layinsu. Tun da hantsi aka ga Mai Randa a wurin da bokiti biyu, tana tsaye a gefen kwatar da ruwan laka ke gangarowa, ƙarar injin ta cika unguwa. Ma'aikatan suna ta yi mata alama da hannu ta matsa kada a ɓata mata zane. Ba ta matsa ba. Ta ƙwalla wa mai riƙe da injin tambaya ko gaba nawa suka kai, ya ce huɗu, ta ce to za ta jira su kai shida.